Ƙarin garanti a kan tirelar yawo: ka dakata tukuna

Ɗan'uwa, ka ce dillali a can Amurka yana matsa maka ka sayi ƙarin garanti tare da tirelar yawon shaƙatawa, irin mai ɗakin kwana da kicin da ake ja da mota. Ni dai da kuɗina ne, ba zan biya ranar saye ba.

Tirela ba ta da inji, ba ta da giya, kuma su ne ke cinye kuɗi a gyaran mota. Abin da ya rage shi ne firji, na'urar sanyaya ɗaki, tukunyar dumama ruwa da ɗaki mai zamewa waje, wato ɓangaren tirelar da ake turawa waje don cikinta ya ƙara faɗi in an tsaya. Sabuwa kuwa galibi tana zuwa da garantin kamfani na shekara 1.

Babbar cutar tirela yoyon rufi ne, ruwa ya shiga ya ruɓar da katako. Shi kuma yawancin takardun ƙarin garanti sun cire shi, sai su ce rashin kula ne. Tayoyi ma haka. Kuma dole kamfanin garantin ya amince kafin makaniki ya taɓa komai.

Ka nemi takardar yarjejeniyar ka karanta abin da ba sa biya. In tirelar tsohuwa ce mai ɗakuna masu zamewa biyu ko uku, to a nan kam ka yi cinikin garantin, don farashin dillali yana sauka.