Filin Tambaya: Als, wenn da wann sun hana ni sakat

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, ina shirin zuwa Legas rubuta jarrabawar Jamusanci ta matakin B1 a Goethe-Institut, cibiyar koyar da Jamusanci. Littafina da Turanci yake bayani, kuma ya ce als, wenn da wann duk "when" suke nufi. Kullum sai na cakuɗa su. Ina mafita? Daga wata mai karatu, Unguwar Rimi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Laifin ba naki ba ne. Turanci ne ya zuba abu uku a ƙwarya ɗaya, mu kuwa tun muna goye muke jin su a rarrabe. Ki ajiye Turancin, ki fara faɗin jimlar da Hausa.

Abin da ya faru sau ɗaya ya wuce, inda za ki ce "da na isa Kawo, motar ta tashi", wannan als ne: Als ich in Kawo ankam. Inda bakinki ya kawo "in" ko "duk sanda", wenn ne: Wenn ich Nachtdienst habe, wato in ina aikin dare. Wann kuwa "yaushe" ce kawai: Wann kommt der Arzt?

Haka "if" ta Turanci take yi wa ɗalibai. "Ban sani ba ko zai zo" da "in ya zo" ai ba ɗaya ba ne a kunnenki. Ta biyun wenn ce, ta farkon kuwa ob ce: Ich weiß nicht, ob er kommt.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne nach da zu. Bahaushe yana cewa zan je Zariya, amma ba ya cewa zan je likita, sai wurin likita. Bajamushe ma haka: nach Zaria, amma zum Arzt. Gida ne ya fita daban, sai hadda: nach Hause in za ki tafi, zu Hause in kina ciki. Seit kuma "tun" ce tamu. "Ina aiki a nan tun 2019" ita ce Ich arbeite seit 2019 hier, ba tare da taɓa lokacin aikatau ba.

Wuri ɗaya Hausa ba za ta cece ki ba: bayan als, wenn da ob, aikatau ƙarshen jimla yake komawa. Ki sake duba ankam, habe da kommt na jimlar ob a sama. Yau in kin tashi aiki, ki rubuta jimla biyar kan abin da ya faru a ɗakin marasa lafiya, ki turo min in duba.