Ribar da ka ci lokacin takunkumin Nijar, da me ka auna ta?

Wani Alhaji mai fataucin wake tsakanin Maraɗi da kasuwar Dawanau ya rubuto yana cewa jarinsa ya tashi daga naira miliyan 12 zuwa miliyan 20 a watannin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Yanzu yana son ya sayar da gonarsa ta gado, ya haɗa kuɗin ya aika wa ƙanensa da ke Maraɗi domin ya saye hatsi ya kimshe a sito, saboda yana ganin ko ba daɗe ko ba jima za a sake rufe iyaka, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Ya ƙara da cewa ba ya rubuta komai, domin lissafinsa duk a kansa yake.

Alhaji, jimlarka ta ƙarshe ita ce ta tsaya mini a rai, kuma a kanta zan tsaya. Mutumin da yake saye da sefa, yake sayarwa da naira, ya ratsa shekarun 2023 da 2024 ba tare da littafi ba, bai san ko riba ya ci ko faɗuwa ya yi ba, kuma kai ma ba ka sani ba.

Ka tuna yadda abubuwan suka zo a jere. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur a Najeriya, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sannan a ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum. Cikin kwanaki aka rufe iyakokin Jibiya da Illela da Maigatari da Kamba, Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga gare ta, kayan da ke shigowa ta tashar ruwan Kwatano suka maƙale a gadar Malanville da ke kan iyakar Benin da Nijar. Abubuwa uku ne suka tura farashin buhunka sama a lokaci guda, wato ƙarancin kaya, da tsadar mota, da faɗuwar naira. Na farkon ne kaɗai yake iya zama riba, sauran biyun kuwa daga aljihunka suka fita.

Bari mu ɗan ƙiyasta. Kafin juyin mulkin, jikka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, tana wajen naira 1,200 a hannun 'yan canji, amma zuwa watan Fabrairun 2024, lokacin da aka ɗage takunkumin, ta kai wajen 2,500. Ita sefa a ɗaure take da yuro, ba ta bin naira in ta gangara. Ke nan miliyan 12 ɗinka na farko sun kai kimanin sefa miliyan 10, miliyan 20 ɗin da kake murna da su kuwa ba su wuce sefa miliyan 8 ba. A kasuwar da kake sarin kaya, kashi ɗaya cikin biyar na jarinka ya tafi, kana kuma shirin sayar da gona domin ka maimaita abin da kake kira sa'a. Ban ma sa kuɗin da ka biya masu babura da suka riƙa tsallako maka da buhu bibbiyu ta daji ba, ko na shingayen hanya, ko maganin ƙwari, domin na tabbata kai ma ba ka sa su ba.

Na san wani bawan Allah, abokin hulɗata na shekaru, wanda takunkumin ya rutsa da tirelarsa ta albasa a bakin iyaka. Direba ya jira kwana da kwanaki yana sa ran za a buɗe, har albasar ta fara ruwa, aka zubar da fiye da rabi. Asarar ta yi masa ciwo ƙwarai, amma abin da ya gama da shi daban ne: kuɗin kayan na mutum uku ne, babu takardar da ta nuna nawa kowa ya zuba, ko yadda za a raba asara idan ta zo. Ɗaya daga cikinsu surukinsa ne. Har yau ba sa gaisawa, kuma maganar sai da ta kai gaban alƙali. Ba na zargin ƙanenka da komai, wataƙila ya fi ni riƙon amana, amma idan ƙwari suka ci buhu 40 a sitonsa, ko jami'ai suka kama kayan, da wace hujja zai wanke kansa a wurinka, kai kuma da wace hujja za ka yarda da shi? Allah da kansa ya yi umarni da a rubuta bashi a ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, kuma ba a cire 'yan'uwa daga ciki ba.

Batun jiran a sake rufe iyaka kuwa, gaskiya ya ɓata mini rai. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Ƙonni sun kwana cikin duhu, magani ya yi wuya a asibitoci, shinkafa ta gagari talaka, kai kuma kana gina shirin kasuwancinka a kan fatan hakan ta sake faruwa. Ko an ajiye maganar tausayi a gefe, lissafin bai fita ba. Wanda ya ɓoye hatsi yana caca ne da hukuncin gwamnatoci biyu, kuma babu wadda za ta yi shawara da shi. A Fabrairun 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta garƙame wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A Yulin shekarar gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar janye harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. A watan Oktoba kuma Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa waje in ban da Mali da Burkina Faso, wanda ke nufin kayan da za ka tara a Maraɗi suna iya zama a can ba ka da halastacciyar hanyar kawo su Kano. Da aka shiga 2025 farashin hatsi ya sauko sosai, kuma waɗanda suka cika sito da tsada suna jiran bazara su ne suka fi kowa kuka.

Haka abin yake a ko'ina. Lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022 aka bi Rasha da takunkumi, alkama da taki da man dizal sun yi tsalle a kasuwar duniya, amma alkamar ba ta yi watanni da yawa a sama ba ta fara saukowa, musamman bayan yarjejeniyar fitar da hatsi ta Bahar Aswad a watan Yuli. Kaya kan nemi wata hanya, kamar yadda na Nijar suka koma bi ta Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji. Wanda yake da kaya a hannu a makonnin farko shi ke cin moriyar tsadar, wanda ya shigo daga baya da kuɗin gona shi ke biya.

Saboda haka ka bar gonar nan a inda take. Ka sayi littafi a wannan makon, ka zauna da ƙanenka, ku rubuta buhu nawa ke hannunsa da sefa nawa ke wurinsa, ku sa hannu a gaban shaidu biyu, ku kuma yanke masa ladansa a fili, ko kan buhu ko kaso daga riba, domin wanda ake sa wa aiki ba lada shi ne yake yanka wa kansa. Kowace mota ta samu shafinta: farashin saye da sefa, canjin ranar, kuɗin mota, kuɗin dako, na hanya, da abin da ya lalace. Jarinka kuma ka daina ƙirga shi da naira, ka ƙirga shi da yawan buhunan da zai iya saya a Maraɗi a ranar da kake lissafin. Kada ka bar fiye da kuɗin kayan mota ɗaya a tsallaken iyaka a lokaci guda, kuma kada kaya su wuce mako shida a sito sai da dalilin da za ka iya rubutawa. Idan ka yi mota shida a haka, ka aiko mini da shafukan, sai mu duba ko akwai abin da ya cancanci a ƙara masa jari.