Me Girkawa ke nufi da “malaka”?

Malam, ka ce abokan aikinka a Atina, babban birnin Girka, suna yawan ce wa juna “malaka”, kana son sanin ko zagi ne, kuma daga ina ta samo asali.

Zagi ne, amma ba kullum ba. Tushenta “malakos” ne a tsohon Girkanci, wato mai laushi. Daga nan aka samu “malakia”, rauni ko ragwanci, har da rashin lafiya. Da ma'anar ciwo ta zo a Linjilar Matta 4:23. Likitoci ma na amfani da wannan tushe, cutar laushin ƙashi sunanta osteomalacia. Daga baya “malaka” ta koma nufin namiji mai biya wa kansa buƙata da hannu, sai kuma wawa ko sakarai.

Yau samari sun mayar da ita kiran abota, kamar yadda abokan wasa ke zolayar juna ba a fushi. Za ka ji “ela re malaka”, wato “zo mana, kai”. Murya da fuska su ke raba wasa da faɗa.

A ganina kada ka fara furta ta. Baƙi kan ji ta a bakin kowa su ɗauka gaisuwa ce, su faɗa wa dattijo ko mai gidan aiki, nan take rai ya ɓaci. In kuma aka haɗa ta da buɗe tafin hannu a fuskarka, daƙuwa ce sak, su suna ce mata “moutza”.

Idan wani na maimaita maka ita don wulaƙanci a wurin aiki, ka tambayi Bagirke da ka amince da shi, ko ƙungiyar ma'aikata.