Tambaya da amsa: Wai za su saka ƙanena a binciken nano ƙafarsa ta dawo

TAMBAYA: Salam Dakta, daga wani ƙauye kusa da Ringim nake. Ƙanena shan inna ya taɓa masa ƙafa tun yana yaro amma ya gama sakandare, kemistiri kuma shi ne abin sonsa. Ranar kasuwa wasu suka zo da lasifika wai suna rubuta masu buƙata ta musamman a binciken fasahar nano, a biya kuɗin fom a karɓi wani ruwa a dinga sha ƙafa ta dawo. Mahaifiyarmu ta matsa a sayar da akuya a biya, ni dai hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ku sayar da akuyar nan, kuma kar ya sha ko ɗigo ɗaya.

Wallahi na gaji da maganar nan, kullum sai an kawo min ita, wai saka nakasassu a bincike shi ne a tara su a ɗura musu magani. Ba bincike ake yi ba a nan, damfara ce. Binciken gaskiya ba ya karɓar kuɗin fom, ba a yin sa a bayan mota ranar kasuwa, sai kwamitin da ke kula da ƙa'idojin bincike ya amince, a karanta wa mutum takardar amincewa da harshen da yake ji, a faɗa masa haɗarin, kuma yana da damar ya ce ya fasa ko a tsakiya ne. Mu da aka gwada maganin Trovan a kan yaranmu masu sanƙarau a Kano a 1996 bai kamata a ce sai an tuna mana wannan ba.

Sannan ita ƙafar, ƙwayar shan inna jijiyoyin cikin laka take kashewa, waɗanda ke ba tsoka umarni, jijiyar da ta mutu kuwa babu ruwan kwalbar da ke tashin ta ko an rubuta nano sau goma a jiki. Akwai magungunan nano na gaske, irin su Doxil na ciwon daji da Amurka ta amince da shi a 1995, amma na shan inna babu. Ruwan nasu kuma wa ya san me ke ciki? In ma ruwan azurfa ne irin Nano Silver ɗin da aka yi ta tallatawa lokacin Ebola a 2014, azurfar taruwa take a jiki ta rine fata, kuma rinin ba ya fita har abada. Abin da ke taimakon ƙafar an san shi, gashin ƙashi da motsa jiki, takalmin ƙarfe, wani lokacin aikin tiyata, ku je asibitin ƙashi na Dala su duba shi.

Saka nakasassu a bincike na gaskiya shi ne ƙanenka ya zama shi ne mai binciken. Fasahar nano aiki ce da abubuwa ƙanana ƙwarai da ake aunawa da nanomita, milimita ɗaya kuwa nanomita miliyan ce, ka ga ba mai ganin abin nan da ido, na'urar AFM ta duba irin waɗannan ƙananan abubuwa da aka ƙirƙira a 1986 ma shafa saman abu take da ɗan tsinke kamar makaho da sandarsa. Da yawan aikin a zaune ake yi gaban kwamfuta. Farfesa Mona Minkara makauniya ce, a jami'ar Northeastern ta Amurka take nazarin sinadarin cikin huhu da kwamfuta. John Cornforth kurma ne ya ci kyautar Nobel ta kemistiri a 1975.

Abin da zai tare shi matakalar bene ce da teburin ɗakin gwaji mai tsawo da jami'in da zai kalli kekensa ya ce ya je ya karanta wani fannin daban. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya an sa mata hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin ya wuce amma har yau ɗaukar ɗalibi ake a kafaɗa a hau da shi, abin takaici.

In ma za ku sayar da akuyar, kuɗin ku saya masa fom ɗin JAMB, ya nemi kemistiri ko fizik a BUK ko jami'ar Dutse ko ta Wudil ko ta Kafin Hausa, kafin ya zaɓa ku je sashen ku ga inda ɗakin gwajin yake ku tambayi shugaban sashe me suka tanada. Masu lasifikar nan kuma ka sanar da dagaci, in ka samu kwalbar ka kai ofishin NAFDAC a Dutse.