Amsar tambayarka kan motocin da suka fara keta nahiyoyi

Ɗana, ka tambaye ni yadda aka yi motocin da aka ƙera kusan shekara ɗari da suka wuce suka ratsa hamada da dazuzzuka, alhali na yanzu, duk da ƙarfinsu, sukan kwanta a hanyar ƙauye. Ka zaci injinsu ne ya fi na yanzu ƙarfi. To, ba haka ba ne, kuma gara in kawar maka da wannan zato tun bai zauna maka ba.

Motoci biyar na kamfanin Citroën na Faransa sun tashi daga Touggourt a Aljeriya ranar 17 ga Disamba 1922, suka isa Tambutu ranar 7 ga Janairu 1923, kuma ƙarfin injin kowace ɗaya kimanin doki 20 ne kawai, abin da wani babur na yau ya wuce. Dabararsu tana ƙafafun baya ne, inda aka sa bel mai faɗi na roba irin na katafila, domin nauyi ya bazu a kan rairayi kada mota ta nutse. A watan Oktoba 1924 wasu motoci takwas na kamfanin suka tashi daga Colomb-Béchar a Aljeriya ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, suka bi ta Yamai da Damagaram da yankin tafkin Cadi, tafiyar ba ta ƙare ba sai a Madagaska a watan Yuni 1925. Abin da masu ba da labari ba su cika faɗa ba shi ne, tun kafin motocin su tashi an riga an tura mai da kayan gyara an ajiye a zango-zango, kuma da kanikawa aka yi tafiyar.

Amma wanda na fi so ka yi nazarinsa shi ne Ralph Bagnold, hafsan sojan Ingila, wanda ya riƙa shiga hamadar Masar da Libiya daga ƙarshen shekarun 1920 zuwa na 1930 da motocin Ford marasa nauyi, waɗanda tayoyin baya kaɗai ke ja. Idan ya zo rairayi mai laushi sai ya rage iskar taya don ta yi faɗi, idan kuma mota ta kafe sai a haƙe gaban taya a cusa dogon faranti na ƙarfe ta taka ta fito. Babbar matsalarsa ita ce ruwan lagireto, wanda ke tafasa ya tsere alhali ba rijiya a kusa. Sai ya haɗa bututu daga bakin da ruwa ke ambaliya, ya kai shi cikin wani gwangwani mai ɗan ruwa da ya ɗaure a jikin mota. Tururi yana shiga ya huce ya koma ruwa, inji yana hucewa kuma lagireto ya sake zuƙe shi. Ƙaramar robar nan da kake cika wa ruwa kullum a gefen lagireto, wannan aikin take yi.

Ɗalibai shida na jami'o'in Oxford da Cambridge sun bar Landan a watan Satumba 1955 da Land Rover biyu, suka isa Singafo a watan Maris 1956, bayan sun bi wata tsohuwar hanyar yaƙi a ƙasar Burma (Myanmar ta yanzu) da daji ya fara cinyewa. Motocinsu suna ja da tayoyi huɗu, amma ni a ganina ba nan fifikonsu yake ba. Mota ce da mutum zai kwance kafireta ya wanke, ko ya sauya sifirin a gefen hanya da sifana da jak.

Saboda haka idan aka kawo mana motar da za ta yi doguwar tafiya a hanya marar kwalta, kada ka fara da inji. Ka fara tambayar mai ita nauyin kayan da zai ɗora, domin lodi ne ke karya sifirin da aksul tun inji bai gaji ba. Daga nan ka duba tiyo-tiyon lagireto da murfinsa da fanbel, ka tabbata yana da safaya biyu da famfon iska, tunda wanda ya rage iska a rairayi dole ya mayar da ita kafin ya hau tsakuwa.