Kumburin Fankiriyas da Ƙwayoyin Cutar da Ba Sa Jin Magani

Tambaya: Likita, yayana yana kwance a asibiti sama da mako uku saboda kumburin fankiriyas mai tsanani. An ce wani ɓangaren ya ruɓe kuma ƙwayoyin cutar da suka shiga ba sa jin magani. Me ya sa ake ta sauya allurai, ba a yi masa tiyata ba? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Fankiriyas tana bayan tumbi, ita ce ke samar da insulin (sinadarin da ke daidaita sukarin jini) da ruwan narkar da abinci, kuma tsakuwar matsarmama da barasa su ne suka fi jawo kumburinta. Idan ciwon ya yi tsanani, naman yakan mutu, sai ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Klebsiella su ƙetaro daga hanji su zauna a ciki, galibi bayan makon farko. Tun da jini ba ya kaiwa mataccen nama, maganin da ke bin jini da ƙyar yake isa wurin.

Sauya allurar ba ruɗewa ba ce. Akan fara da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su meropenem, amma idan gwajin jini ko na mugunyar da aka zuƙo ya nuna ƙwayar ta fi ƙarfinsa, sai a koma ga ceftazidime-avibactam ko colistin, wanda dole a riƙa auna ƙoda saboda yana iya lahanta ta. A ganina wannan gwajin ya fi kowace allura mai tsada muhimmanci, don haka kada iyali su yi jinkirin biyan kuɗinsa.

Jinkirin tiyatar kuwa da gangan ne. Ana so a kai kusan mako 4 domin ruɓaɓɓen wurin ya killace kansa, yadda za a cire shi ba tare da zubar jini mai yawa ba. Binciken PANTER da aka yi a Holan, aka wallafa a 2010, ya nuna cewa fara sa siririn bututu a tsiyaye mugunyar ya fi tsaga ciki kai tsaye, har kusan kashi 35 cikin ɗari ba su buƙaci wani aiki bayansa ba.

Ki tambayi likitocinsa sakamakon gwajin da kuma ko an sa bututun. Ku bari a ciyar da shi ta baki ko ta bututun hanci, domin abinci yana ƙarfafa bangon hanji, sannan duk mai jinya ya wanke hannu kafin ya taɓa shi, kuma kada kowa ya kawo maganin kemis a ɓoye.