Tambayoyinku: Muryar kwamfuta a akwatin saƙon murya na ofis

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina da ɗan ƙaramin kamfani ne, kuma duk sanda muka canza lokacin tashi daga aiki ko aka shiga hutu sai na nemo wanda zai sake naɗar gaisuwar da masu kira ke ji idan ba a ɗauka ba, wani lokacin har ƙarar fanka ake ji a bayan muryar. Sai aka ce min ai zan iya rubutawa kawai kwamfuta ta karanta. Na yi, a laftof yana fita tas, amma da na zo ɗorawa a wayar ofis da farko ƙin hawa ya yi, da ya hau kuma muryar ta koma kamar daga cikin rijiya. Ina ne na kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh ka kwantar da hankalinka, kusan duk wanda ya fara wannan aikin a nan yake tuntuɓe. Matsalar daga fayil ɗin take. Layin waya na yau da kullum ba ya ɗaukar sauti mai faɗi irin na laftof, iyakarsa tsakanin 300 zuwa 3400 Hz a ma'aunin kauri da sirantar sauti, shi yasa na'urorin wayar ofis da yawa kamar Asterisk da FreePBX da 3CX suka fi son fayil na WAV mai 8000 Hz, wato mai ɗaukar samfurin sauti sau 8000 a kowane sakan, bit 16, kuma mono wato hanya ɗaya ba sitiriyo ba. Kai kuma mai yiwuwa MP3 ka sauke ko WAV mai ingancin waƙa, sai na'urar ta ƙi shi, ko ta matse shi da kanta yadda ta ga dama, daga nan muryar rijiyar ta fito.

Abin da za ka yi shi ne ka buɗe fayil ɗin a Audacity, manhajar gyaran sauti ce kuma kyauta ce, ka mayar da shi mono, ka sauke shi zuwa 8000, sannan ka fitar da shi a matsayin WAV. In kuma da Amazon Polly kake aiki, wato manhajar Amazon da ke mayar da rubutu murya, to tun daga can ma kana iya cewa ya ba ka sautin a 8000. Amma kafin ka wahalar da kanka leƙa saitin na'urarku tukuna, don wasu suna da wurin da za ka buga rubutun kai tsaye, Microsoft Teams ma haka yake a ɓangaren mai amsa kira da kansa, ka rubuta, ka zaɓi murya, shikenan babu zancen fayil.

Abin da na fi so ka riƙe dai, kar ka yarda da abin da kunnenka ya ji a lasifikar kwamfuta. Ka fita waje ka kira layin da wayar hannunka, inda ake hayaniya, ka saurara kamar kai ne kwastoman da ke sauri. Na taɓa sauraron wata gaisuwa da ta yi daɗi sosai a ofis, amma a waya harafin s da f suka cakuɗe har ba ka gane sunan kamfanin, don irin waɗannan sautukan su ne layin ke fara yankewa. Rage saurin muryar kaɗan kawai aka yi ta gyaru.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni tawa matsalar lambar waya ce, na rubuta lambar da za a kira mu in da gaggawa sai muryar ta karanta ta kamar kuɗi, miliyan kaza da dubu kaza, wallahi har wata kwastoma ta ce min ta saurara sau uku ba ta iya rubutawa ba, ga sunan kamfanin ma ba ta faɗarsa daidai.

AMSA: Barka kadai Hajiya. Wannan abin yana damuna gaskiya, don mutumin da ya kira da gaggawa shi ne ya fi cancanta a sauƙaƙa masa. Kwamfuta abin da ta gani take karantawa, in ta ga lambobi a manne sai ta ɗauka adadi ne. Hanya mafi sauƙi ki raba lambar gida uku uku ko huɗu huɗu ki sa waƙafi a tsakani, ki kuma maimaita ta sau biyu don mai neman biro ya samu ya rubuta. In manhajar tana karɓar SSML, wato ƙa'idar alamomi da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar a 2004 wadda Google da Amazon da Microsoft duk suna aiki da ita, to akwai alamar say-as da ke sa a karanta lamba ɗaya bayan ɗaya, da alamar break da ke sa muryar ta ɗan dakata.

Shi kuwa sunan kamfani, ki rubuta shi yadda yake fita a baki ko da rubutun ya zama ba daidai ba a ido, ai babu mai ganinsa, ki yi ta gwadawa har ya zauna. In ya ƙi, gara mutum ya naɗi wannan gaisuwar da bakinsa, a bar wa kwamfuta saƙonnin da ke yawan canzawa kamar na hutu. Kuma Hajiya ki taƙaita, sunan kamfani, yaushe za ku dawo, me mai kira zai faɗa bayan ƙarar, ya isa.

TAMBAYA: Malam shin wannan ɗin ne zai riƙa turo min saƙon da aka bari a rubuce ta imel?

AMSA: A'a ɗan'uwa, wancan kishiyarsa ne, shi murya yake mayarwa rubutu, kuma daban ake kunna shi. Kafin ka kunna ka tambayi kamfanin da ke ba ku layi ina ake kai muryoyin kwastomominku a sarrafa su, kuma har tsawon wane lokaci ake ajiye su.